Wankin Ƙafar Baƙo

A zamanin Turawa, Saratu matar mai wa'azi tana zaune a bakin dajin Kusasu. Duk baƙon da ya sauka sai ta wanke masa ƙafa, don an ce wasu sun sauki mala'iku ba su sani ba.

Wata magariba wani tsoho ya yi sallama. Ta durƙusa da ƙwaryar ruwa, warin mushe ya buge ta. Fatar ƙafar ta saɓule a hannunta, tsutsotsi suka cika ruwan.

Ta ce, "Baba, shiga ka huta."

Ya ce, "Ina so, 'yata, amma ki ce wa mai fararen kayan nan ya matsa."

Ta waiwaya. Ba kowa, sai ƙofar da ita da mijinta suke addu'a a bakinta kowace safiya.