Kwamfutocin da Ke Kulle a Sito

Ranar Litinin da safe rahoto ya iso teburin Sufeto Nelson: an fasa siton wata makarantar firamare a Nukkai, an kwashe kwamfutocin hannu da wata ƙungiya ta ba malamai don koyarwa. Tuni an kamo Malama Murna mai aji huɗu, tana zaune a bayan kantar ofishin 'yan sanda da goyo a bayanta. Hedimasta ne ya nuna ta. In laifin ya tabbata, aikinta ya tafi, gidan yari kuma yana jira.

"Me ya sa ke ya nuna?" Nelson ya tambaye ta.

"Ni nake damun shi da maganar makullin siton, Oga."

"Kin taɓa aiki da kwamfutocin?"

"Sau ɗaya na riƙe. Ranar da aka kawo aka ɗauke mu hoto, aka karɓe. Shekara biyu ke nan." Ta nuna wayarta mai fasasshen gilashi da ke ajiye a kan kantar. "Da wannan nake nuna wa yara yadda zuciya ke bugawa. Layi suke bi. Kafin na baya su iso, data ta ƙare."

A makarantar, Hedimasta Simeon ya tarbe shi cikin kwat, gumi na bin wuyansa.

"Jibi mutanen ƙungiya za su zo dubawa, Sufeto. Dubi abin da matar nan ta ja mana."

Siton ɗan ƙaramin ɗaki ne, rufin kwano, babu taga, babu silin. Zafi ya daki fuskar Nelson kamar ya leƙa tanda. An wanke daɓen fes, amma a lungu akwai baƙin tabo, kuma sabulu bai kashe ƙaurin ƙonanniyar roba ba.

"Wuta ta tashi a nan?"

"Maganin sauro ne," in ji Simeon.

Nelson ya zagaya baya, inda mai gadi, Baba Tobiya, yake shara.

"Baba, ka ga wani abu?"

"Ɓarawo dai ban gani ba, ɗana. Sai Oga Hedimasta da ya sa sabon kwaɗo a masai na malamai ranar Asabar, wai ya cika." Ya tofar da yawu. "Ramin da muka haƙa bara, ta yaya zai cika?"

Nelson ya koma sito. Kwali ɗaya ɓarawon ya bari. Ya ɗaga murfin, ya daɗe yana kallo.

"Hedimasta, kwamfutocin suna aiki kafin a sace?"

"Lafiya lau. Duk Juma'a da hannuna nake musu caji."

"Da waɗannan?"

Ya zazzage kwalin a ƙasa. Cajoji ne, kowacce cikin ledarta, a naɗe da ƙullin da aka yi mata tun daga kamfani. Babu wadda aka taɓa kwancewa.

"Ba ni makullin masai."

Simeon ya miƙa masa. Nelson ya haska tocila cikin ramin. Ga kwamfutocin can ƙasa, sun kumbura kamar burodi, wata ta ƙone rabi.

Simeon ya zauna a kan dakali, ya cire hularsa.

"Mutanen ƙungiya cewa suka yi duk wadda ta fashe, ni zan amsa. Malamai ba su iya ba, yara sun fi ɗari a aji. Na ce gara in adana. Da na buɗe in goge ƙura saboda baƙin da za su zo, na tarar zafi ya cinye batiran. Ɗaya ta kama wuta a hannuna."

"Murna fa?"

"Kowa ya san tana son su. Na san za a yarda."

Kofur ɗin da ya rako Nelson ya sa wa Simeon ankwa. Malamai suka tsaya a ƙofofin azuzuwa suna kallo har mota ta fita.

Da la'asar Nelson da kansa ya buɗe wa Murna ƙofa, ya ba ta wayarta. Ta gyara goyonta, ta tsaya.

"Oga, ko ɗaya ba ta tsira ba?"

"Ko ɗaya."

Ta danna wayar. Caji ya ƙare. Ta jefa ta cikin jaka, ta fita neman keke.