Kujera a Bakin Sito

Rana ta faɗi, ɗan hasken da ya rage a tsakar gida ya yi ja, lokacin da dutsen farko ya sauka a kan kwanon rufin gidan. Maigidan na tsugune a bakin famfo yana wanke hannu, don shi mutum ne da ya fi yarda da ƙwayoyin cuta a kan maƙwabtansa. Aikinsa gwajin jini a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti. 'Yan unguwa sun laƙaba masa Likita, shi kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen gyara musu ba.

"Yaran nan ne," ya ce da matarsa. Ya leƙa waje, ya ga layin fayau. Yana juyowa wani dutsen ya faɗo tsakar gida, ya tsaya cak inda ya sauka, ko gangarawa bai yi ba. Sai suka ji Auta, 'yarsu ta ƙarshe da aka aika ɗauko tsintsiya, tana magana a bakin sito. Muryar ba tata ba ce. Murya ce mai kauri, a shaƙe, irin ta tsoho, kuma ba da su take ba. Can yarinyar ta sulale ƙasa. Da ta farfaɗo ba ta tuna komai ba, ruwa kawai ta nema.

A ba Likita haƙƙinsa, bai yi sakaci ba. Ya ɗebi jininta da hannunsa, ya kai ta aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, likitocin gaske suka ce lafiyarta ƙalau. Kwanaki suka wuce abin bai dawo ba, uwar ta yi hamdala ta ci gaba da harkokinta. Da a nan aka tsaya, da babu labarin da za a bayar.

Sai dai a wurin aikin Likita, abin da ya faru sau ɗaya ba sakamako ba ne. Sai an maimaita shi a yanayi iri ɗaya an sake gani. Tsoro ne ke cinsa, kada abin ya kama ta a makaranta ko a tsakiyar titi bai san ko mene ne ba. Saboda haka wata magariba ya ɗauko kujerar roba ya ajiye a bakin sito, ya jingina wayarsa a taga tana ɗaukar hoto, ya rataye ma'aunin zafi a ƙusa, ya ce Auta ta zo ta zauna.

"Abban Auta, 'yarka ce fa, ba kwalbar jini ba," in ji matarsa.

"In akwai dalili zai maimaita, mu gane shi, mu yi maganinsa."

Ya kuwa maimaita. Kwano ya yi ƙara, muryar ta dawo. Washegari ya zauna a kujerar da kansa, shiru. Ya zaunar da yarinyar a falo, shiru. Ya mayar da ita bakin sito da magariba, abin ya zo. A ranar ya ji wani daɗi a ransa wanda shi kansa ya ji kunyarsa.

Amma wayar ba ta kama komai ba sai yarinya da kanta a sunkuye da ƙarar kwano. Ma'aunin zafi ko motsi bai yi ba. Wani abokin aikinsa da ya nuna wa hoton ya kalla ya taɓe baki, ya ce kowa na iya jifa daga bayan katanga, yara kuma suna iya sauya murya, shi sai ya gani da idonsa. Likita bai ga laifinsa ba, don da shi aka kawo wa, amsar da zai bayar ke nan. Ya ci gaba da ajiye kujera.

Auta ta fara ramewa. Ta daina dariya, ta daina faɗa da kowa a kan talabijin. Muryar ta riƙa daɗewa kafin ta sake ta. Ran nan tun kafin a kira ta, ta ja kujerar da kanta ta zauna tana jira. Da safe uwar ta kai mata abin kari, ta ɗago ta dube ta ta ce, "Wace ce ke?" A nan Likita ya gane abin ya fi ƙarfinsa. Da matarsa ta ce za ta kira Malam mai ruƙiyya, bai hana ta ba.

Malam ya iso gab da magariba, dattijo ne marar hayaniya. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an je asibiti. Da aka ce an je, ya gyaɗa kai, ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit, har ɗigar famfo ana ji. Duwatsu suka fara sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Wuyan Auta ya sandare, idanunta suka kafe.

"Wane ne kai, kuma me ka zo yi jikin baiwar Allah?" in ji Malam.

"Wucewa nake ranar farko, na tafi abina," in ji muryar. "Wancan ne ya ajiye mini kujera. Kullum ya kira, kullum na amsa. Yanzu na saba."

Matar Likita ta toshe baki da mayafi.

"To, an daina kira," in ji Malam. "Ka ji tsoron Allah ka fita."

Kan yarinyar ya juya a hankali, ya bar Malam, ya fuskanci uban.

"Likita. Kai ba shaida kake nema ba? Ka bar mini ita magaribar gobe kawai. Ka tara abokan aikinka da na'urorinku. Zan ɗaga dutse a gabansu in riƙe shi a iska, su auna yadda suke so, su maimaita har su gaji. Babu wanda zai ƙara taɓe maka baki."

Likita ya san amsar, wallahi ya santa, amma bakinsa ya ƙi buɗewa. Ya hango abokin aikinsa tsaye a tsakar gidan nan baki sake. Ya hango tambayar da ta hana shi barci ta sami amsa. Sannan idonsa ya sauka a kan hannun Auta, siriri, a kan gwiwarta.

"Ba na so," ya ce. "Ko da zan mutu ban sani ba. Ka sakar mini 'yata."

Muryar ta yi wata dariya gajera. Malam ya ɗaga karatu, ya matsa, har ta fara huci.

"Zan fita. Amma kada a ƙara nemana, ko don a ga ko na tafi."

"An yarda," in ji Malam.

Jikin yarinyar ya girgiza, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗa jikin uwarta. Kwano ya yi shiru. Can ta buɗe ido ta ce, "Umma," da muryarta ta kullum, uwar ta rungume ta ta fashe da kuka.

Likita ya raka Malam ƙofa, ya dawo ya durƙusa gaban 'yarsa da kofin ruwa. Ta sha kaɗan, tana kallonsa ta saman kofin.

"Abba, yau ina jin komai," ta ce. "Da ya tambaye ka, me ya sa ka daɗe ba ka ba shi amsa ba?"