Guzuri Kafin Tsaraba

"Yafet, zo nan! Zo ka kalli idona ka gaya mini wane ne ya kai sunanmu wurin sakataren coci!"

Hulda ko ɗankwalin sujada ba ta cire ba. Tana tsaye a tsakiyar falonsu da ke Kafanchan, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Mijinta Yafet ya toge a bakin ƙofa da littafin waƙoƙi a hammata, yana murmushin wanda ya san ya yi ɓarna.

"Haba, Hulda, addu'a ne kawai na roƙa fa. Hanyan Kalaba da nisa. Za mu kama hanya haka babu addu'an ikilisiya?"

"Addu'a! Kai ba ka da baki ne? Ni ba ni da gwiwa? Mun yi alkawari babu wanda zai ji sai mun shiga mota, kai kuma ka sa an karanta a lasifika gaban mutum ɗari huɗu!"

Wanda bai san tushen maganar ba zai ce Hulda ta cika faɗa, amma ni ina bayanta. Tun suna neman aure Yafet ya yi mata alkawarin hanimun, wato yawon amarci, a Kalaba, su kalli bikin kanibal na Disamba, su ga babban ruwa da jirage. Shekarar farko biki ya lamushe kuɗin. Ta biyu kuɗin makarantar ƙanensa ya taso. Ta uku iska ta yaye kwanon gidan wani kawunsa. Yafet mutumin kirki ne, gwanin haɗa wutar sola, ga son matarsa har cikin ransa. Ciwonsa ɗaya ne: idan dangi suka buɗe baki, amsarsa "ba wahala" ce, ko da wahalar ta kai tsawon dutsen Kagoro.

Da Hulda ta ga haka sai ta karɓi ragamar. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya ce musu dubu ɗari bakwai mutum biyu, ta yi tsaki ta ce ita malamar lissafi ce a aji huɗu, ba a yi mata wannan. Ta zauna ta tsara abinta: mota zuwa Akwanga, daga nan Makurɗi, daga nan Kalaba. Ta samo masaukin baƙi na wata coci mai sauƙin kuɗi. Ta sayi ambulan biyar ta rubuta a kansu: Mota, Ɗaki, Abinci, Yawo, Ko-ta-kwana. Dubu ɗari uku cif, a cikin tsohon gwangwanin biskit. Abu ɗaya ya rage, su tura kuɗin ɗaki kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a, in ba haka ba a ba wasu.

Ba su gama cacar baki ba aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Salama alaikum, masu tafiya Kalaba!"

Anti Mildred ce, ƙanwar mahaifin Yafet, ta shigo tana fifita da takardar sanarwar coci. Ba ta ko zauna daidai ba ta fara.

"Yarona, ka ga kirefish na miya na can ba irin na kasuwan nan ba ne. Mudu biyu ya ishe ni. Sai manja, jarka ɗaya, ƙarami ma ba laifi."

Hulda ta zuba wa mijinta ido. Yafet ya kalli silin.

"Ba wahala, Anti."

Bayanta Kawu Meshak ya shigo da sandarsa, shi busasshen kifi yake so, manya guda uku, da hular da ake sawa a can. Bayansa wasu, bayan wasu kuma wasu. A danginsu Yafet, wanda ya yi tafiya ya dawo hannu rabbana ya ci mutuncin gida ne, kowane gida sai an leƙa da tsaraba. Kafin Laraba sunaye goma sha tara sun hau takarda, kuma ko mutum ɗaya bai tambayi nawa ne mudun kirefish ba.

Ranar Laraba da ta dawo daga makaranta, Hulda ta ɗauko gwangwanin don ta je ta tura kuɗin masauki. Sai ta ga a jikin ambulan an ja layi a kan "Ɗaki", an rubuta "Tsaraba" a ƙasa, da rubutun da ko a mafarki ta san na wane ne.

"Yafet! Mene ne wannan?"

"Ki tsaya ki ji, abeg. Na yi tunani ne. Kawu Meshak ya ce yaron abokinshi soja ne a can, yana da ɗaki a bariki. Za mu iya shimfiɗa tabarma..."

"Tabarma! Hanimun a kan tabarma, a ɗakin sojan da ko sunanshi ba ka sani ba?"

"To yaya zan yi? Na riga na ce musu ba wahala. Kina so su ce matana ta raba ni da dangi?"

"Ni kuma fa? Ni ba ka ce mini ba wahala ba, shekara uku da suka wuce, a gaban babana?"

Nan hawaye suka ƙwace mata. Takaici ne ya cika ta, irin wanda mutum ba ya iya ko ɗaga murya. Ta ajiye gwangwanin a gabansa a hankali.

"Ba Kalaba nake wa kuka ba, Yafet. Sau ɗaya tak nake so in ga ka ce a'a saboda ni. Ga kuɗin, ka raba musu. In Juma'a ya wuce ba mu biya ɗakin nan ba, Kirsimeti a Zangon Kataf zan yi, gidanmu. Ranan dawowa kuma ban sani ba."

Son matarsa yana jan sa nan, kunyar dangi tana jan sa can, sai Yafet ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita.

Ranar Alhamis da rana sai ga Mama Yemima, mahaifiyarsa, ta sauka daga motar Kachia, ko ƙurar hanya ba ta karkaɗe ba. Labari ya kai mata, kuma kamar yadda labari ya saba, ya ƙara ƙiba a hanya.

"Ke, malama! Ashe ke ce za ki ja mini yaro zuwa ƙarshen duniya kallon masu rawa? Kirsimeti kowa na dawowa gida, ku kuna barin gida! Citta bai yi kyau ba bana, mutane na neman na shinkafa, ke kina tatsan ɗana ki kai hotal!"

Maganganu sun zo wa Hulda har bakin leɓe, masu zafi kuwa. Ta haɗiye su. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa, ta karɓi jakarta.

"Mama, ki huta tukuna. Kuɗin ba na Yafet kaɗai ba ne."

"Na wane ne? Albashin malaman firamare ne zai kai mutum Kalaba?"

Hulda ta shiga ɗaki ta fito da wani littafin rubutu da bangonsa ya sha jiki, ta miƙa da hannu biyu. Mama Yemima ta yi shekara goma sha biyu tana sakatariyar zumuntar mata, ba a ɓoye mata rubutu. Ta sa tabarau ta buɗe tana hura hanci.

Litinin, ban hau acaɓa ba, ɗari uku. Talata, ban hau acaɓa ba, ɗari uku. Zanen Kirsimeti, ban saya ba. Kitso, na yi da kaina. Shafi bayan shafi, shekara biyu. Can kuma sai a ga an ja layi: an cire, kuɗin makarantar ƙanen Yafet. An cire, kwanon gidan Kawu. A ƙasan kowane layi sai a sake farawa daga ɗari uku.

Mama ta sauke tabarau ta dubi ƙafafun surukarta, ta ga yadda dugadugan suka tsattsage.

"Da ƙafa kike zuwa makarantan nan? Har bayan layin dogo?"

"E, Mama."

"Kawo mini kujera kusa. Zauna."

Daidai lokacin Yafet ya shigo. Ganin mahaifiyarsa ya sa ya durƙusa da sauri, amma ko amsa gaisuwarsa ba ta yi ba.

"Kai ma zauna ka ji. Ka san akwatin ƙarfen nan mai launin shuɗi a ƙarƙashin gadona? Kun sha tambaya me ke ciki. Babu komai a ciki. Lokacin da babanku ya aure ni yana aikin reluwe a tashan nan na Kafanchan, ya ce, 'Yemima, zan sa ki a jirgi in kai ki Fatakwal ki ga jirgin ruwa.' Na sayar da akuyana na sayi akwatin nan. Shekaran farko ƙanenshi zai yi aure. Na biyu an yi rasuwa. Na uku wani ya zo da kuka. Kowa ya zo, 'ba wahala'. Ni kaɗai ce aka ce in yi haƙuri, don ni ta gida ce. Muna nan har jirgin ya daina zuwa, har shi ma Ubangiji ya kira shi. Mutumin kirki ne babanku, amma akwatina ko Kagoro bai taɓa zuwa ba."

Yafet ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

"Kai ɗan ubanka ne, Yafet, har bakin. Ba ni takardan tsaraban nan."

Ya miƙa. Ta karanta tana tsaki a kan kowane suna.

"Mildred! Meshak! Mutum goma sha tara! A cikinsu wa ya kawo muku guzuri?"

"Guzuri kuma, Mama?"

"Ka ji yaran zamani! Al'adan ƙafa biyu gare shi. A garinmu in mutum zai yi tafiya, kowane gida sai ya kawo mishi guzuri, wannan gyaɗa, wannan kaza, wannan 'yan sulalla. Wanda ya ba da guzuri shi ke sa ran tsaraba. Su sun riƙe rabin da ke musu daɗi sun yar da ɗayan!"

Fuskar Yafet ta washe. "To Mama, ki gaya musu mana!"

"Ni? Ni na ce musu ba wahala? Bakin da ya ɗaure shi zai kwance. Gobe ka bi su gida gida."

Ranar Juma'a tun da hantsi Yafet ya hau babur. A ƙofar gidan Anti Mildred sai da ya kashe injin ya kunna sau biyu kafin ya iya sallama. Gumi na karyo masa ya ce, "Anti, maganan kirefish ɗin nan... akwai wahala. Kuɗin ɗakinmu ne. Na yi wa matana alkawari tun kafin in yi miki. In kina so, ki ba da kuɗin in sayo miki."

"Oho! Tun da ka auri malama ka koyi lissafi!"

"E, Anti. Na makara ma."

Da a'a ta farko ta fita, sauran ba su yi nauyi ba. Kawu Meshak nan take ya tuna likita ya hana shi busasshen kifi. Wasu suka ce ai wasa suke yi. Wasu suka ɗaure fuska, har yau ma akwai wadda ke amsa gaisuwarsa da hanci. Cikin goma sha tara, huɗu ne suka ba da kuɗin saƙonsu, ɗaya ta haɗa da ƙullin soyayyar gyaɗa ta ce su ci a mota.

Ƙarfe uku da rabi ya faɗo falo kamar an koro shi. Ya ɗauki biro ya soke "Tsaraba", ya sake rubuta "Ɗaki" da manyan baƙaƙe, ya durƙusa a gaban matarsa.

"Hulda, ki yafe mini. Sau goma sha tara na ce a'a yau, maƙogwarona har ciwo yake."

Dariya da kuka suka haɗe mata. "Tashi, maigida, sauran minti talatin! In aka ba wasu ɗakin nan, kai da sojan za ku yi hanimun!"

Sun tafi kuwa. Sun ga kanibal, sun shiga kwalekwale Yafet yana salati irin na mawaƙan coci yana riƙe da rigar matarsa, sun ci abinci a rumfunan bakin hanya, har suka dawo da canji a ambulan na Ko-ta-kwana. Mama Yemima ta ba su guzurin kaji biyu soyayyu, don haka tana da ikon tambayar tsaraba, kuma abu ɗaya ta tambaya.

Ranar da suka kai mata Kachia, ta jawo akwatin shuɗin daga ƙarƙashin gado, ta goge ƙurarsa da gefen zane. Hulda ta miƙa mata hoton da ta tambaya: su biyu a bakin ruwa, wani ƙaton jirgi a bayansu. Mama ta daɗe tana shafa jirgin da yatsa.

"Ashe haka yake," ta ce a hankali. Ta sa hoton a cikin akwatin ta rufe. "To, yau dai an sa kaya a ciki."

Jama'a, zumunci abu ne mai kyau, kuma haƙuri irin na Hulda ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma wanda ya ce wa duniya duka "ba wahala", to ya sani akwai mai ɗaukar wahalar, kuma yawanci ita ce wadda ke jiransa a gida ba ta ce komai ba. Ka cika mata alkawarinta tun jirgi yana tasha.