Lambar Dogo a Kogon Kuka

Wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini. Ban tuna ko da damina ne ko da kaka ba. Abin da na riƙe daga bakin kakata Kulu shi ne, bayan yaƙin Jamus ne, sa'ad da Dogo, ƙanen mahaifinta, ya dawo Rawayya daga Kamaru yana ɗingishi, da lambar tagulla a ƙirjinsa.

Sahabi, mahaifin Kulu, shi ne babba. Shekara huɗu da Dogo ya yi a yaƙi, shi ya nome gandu, shi ya yi jinyar tsohuwarsu, shi ya binne ta. Amma yanzu kullum da yamma mutane kan cika ƙofar gidansa, ba dominsa ba. Su shafa lambar, su tambayi yadda igwa ke ƙara. Har Kulu, ɗiyar cikinsa, in ta kawo fura Dogo take fara miƙa wa. Sahabi na gefe yana tufkar igiya, abin na cin ransa.

Ran nan da almuru Dogo ya tafi masallaci. Sahabi ya ɓalle lambar daga rigar soja da ke rataye, ya zagaya bayan gida, ya wurga ta cikin kogon kuka. Ba bisimilla, ba sallama, alhali ko yaro ya san ba a jifa cikin kuka da magariba.

Washegari rana na faɗuwa, dutse ya faɗo tsakar gida. Can sai wani. Awaki suka yi tsit. Kwana uku ana haka. A na huɗu Kulu na tankaɗe ta yanke jiki ta faɗi, ta farka da muryar tsoho.

Aka ɗauko Malam Attahiru daga Bilbis. Ya tura turare, ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, “Wane ne kai?”

“Maƙwabcinku. Na riga kakanku zama nan.”

“Mi yarinya ta yi maka?”

“Ba ta yi komai ba. Tagulla aka jefo mini cikin ɗaki. Warin albarushi da jinin mutane ya kori iyalina. An hana ni gidana, na zauna nasu. Ku bar mini ita shekara guda.”

“Ko kwana guda ba ka samu. Faɗi wani abin.”

Sai muryar ta ce, “To, hannun da ya jefa ya zo ya ɗauke. Shi kaɗai.”

Sahabi ya dubi ɗiyarsa, idonta a juye, leɓenta ya bushe. Ya miƙe gaban jama'a, ya ce, “Ni ne.”

Ya zura hannu cikin kogon har kafaɗa, ya zaro lambar. Kulu ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwa.

Sahabi ya miƙa wa Dogo lambar, Dogo ya ƙi karɓa. Ya ce, “Haba Yaya! Da ka tambaya ai da na ba ka. Ni in na dube ta, waɗanda muka baro can nike gani.”

Bayan shekaru da yawa na samu wani tsohon soja a Tsafe da aka ɗauke su rana ɗaya da Dogo. Ya tabbatar mini cewa ran da dagaci ya nemi mutum guda daga gidan don zuwa yaƙi, sunan Sahabi aka kira. Dogo ne ya amsa.