Gadin Gawo

Inna Sa'a tana durƙushe a tsakar gida, tana hura gawayin dutsen guga. Rigar da ta shimfiɗa bisa tabarma ta marigayi Manu ce, mijinta, fara mai aikin zare shuɗi a wuya. Wata biyu ke nan ba a fito da ita daga akwati ba.

"Kai, zo ka gwada," ta ce. Ba ta kama sunansa, don Muntaka ɗanta ne na fari.

Muntaka bai motsa daga gindin rumbu ba. Rumbun wofi ne, har in iska ta shiga sai ka ji tana kai da kawowa a ciki kamar baƙon da bai tarar da masu gida ba.

"Inna, rigar Baba zan saka in tafi neman wannan aikin?"

"To wacce za ka saka? Wannan ta jikinka da ta zama rariya? Malam Lawali, uban yarinyar da kake nema, ya aiko, gobe ƙarfe takwas ka kasance a biro, ofishin masu furoje. Shi da kansa ya kai sunanka!"

"Gadin gawo fa, Inna. In kama mutum, in ƙwace masa gatari, in tasa shi gaba..."

"Buhun dawa kowane wata, ban da albashi. Ka dubi ƙannenka, ka dube ni, sannan ka faɗi abin da za ka faɗa."

Ta juya baya ta ci gaba da guga, amma ya ga ɗigo biyu sun sauka bisa rigar. Dutsen ya bi ta kansu, suka yi ƙara ƙanƙanuwa, suka ɓace.

Shekarar ce damina ta yi wa Matameye ƙarya. Hatsi ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya nan ya bushe. Soja ke riƙe da ƙasa, kuma an rufe iyaka, masu tafiya cin rani Kano sai ta ɓarauniyar hanya. Abu ɗaya ya rage kore a faɗin gonaki, shi ne gawo, itacen da ke yin ganye lokacin da kowa ya zubar da nasa. Doka ta hana saransa. Amma awaki ba su san doka ba. Wata rana da azahar Manu ya hau gawon gonarsa don ya saro musu ganye, yana sara yana waige kada a gan shi, reshe ya karye da shi. Muntaka ne ya goyo shi zuwa gida. Bai kai magariba ba.

Yanzu ga wani furoje, wato shiri na kare itace, ya zo garin, ana neman saurayi mai ɗan ilimin lakwal, wato makarantar boko, da zai riƙa zagaya gonaki yana kama masu sara.

Bayan la'asar ya tafi zance. Habsatu, ƴar Malam Lawali, ta fito zaure da kwanon ruwa, ta ajiye a gabansa, ta zauna daga gefe tana wasa da bakin mayafinta. Shekara biyu suna tare, gari duk ya sani.

"Na ji gobe za a zama manya," ta ce da murmushi, tana kiransa da laƙabin Faransanci da ake yi wa ma'aikata. "Mushe Muntaka! A riƙa gaishe mu dai in an wuce bisa keke."

Bai yi dariya ba.

"Habsatu, na yi shawara. Zan je, amma duk abin da suka tambaye ni zan yi kamar ban gane ba. Su ce ba ni da kai, su ɗauki wani. Babanki ba zai ce na ƙi ba, sai dai a ce ban dace ba."

Murmushin ya bar fuskarta.

"Kai da kake karanta wa unguwa duka wasiƙa? Wa zai yarda? Kuma ba ka san Baba yana cikin masu tambayar ba? An saka shi don wakiltar dattawan gari."

Muntaka ya ɗago kai.

"Shi ma yana ciki?"

"Yana ciki. Ka san abin da ya ce. Ba zai ba da ni ga wanda ba shi da abin yi a cikin garin nan ba. Ka ga Yaya Indo, shekara uku mijinta yana Legas, ko saƙon baki babu. Baba ba mugunta yake yi ba, tsoro yake ji. In ka karɓi aikin, bayan ƙaramar salla za a ɗaura. In ka ƙi... wallahi ban sani ba."

"To in karɓa ke nan?"

Ta share ido da bayan hannu.

"Ni dai ina son aurenka, wannan ba ɓoye ba ne. Amma kada ka je ka mai da kanka wawa a gaban mutane saboda ni. In za ka karɓa, karɓa da zuciya ɗaya. In ba za ka iya ba, ka faɗa da bakinka. Ni na iya jira, abin da ban iya ba shi ne zama da mutumin da kullum yake kallona yana tuna abin da ya yi don ya same ni."

Da safe ya saka rigar. Ta yi masa yawa a kafaɗa.

Biron ɗaki ne mai ƙofa kore a bayan kasuwa. Samari shida ne a layi, shi ne na huɗu. Da aka kira shi ya shiga, ya ga mutum uku a bayan tebur: direktan furoje, mutumin yammacin ƙasar mai tabarau; wani soja da kumandan, mai mulkin garin, ya turo ya zama shaida; sai Malam Lawali a gefe, da carbi a hannu.

Muntaka ya tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya durƙusa a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Ga kujera, zauna," in ji direkta da Hausarsa mai tauri.

Muntaka ya gaishe su, bai tashi ba.

"Ba ka ji ba ne? An ce ka zauna!" sojan ya daka tsawa.

"Na ji, ranka ya daɗe. A yi mini afuwa, nan ma ya isa."

Ta yaya zai hau kujera, kafaɗa da kafaɗa da uban yarinyar da yake nema? Shi kuwa Malam Lawali ya kafe bango da ido, kamar an rubuta wani abu mai muhimmanci a jiki. Direkta ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sojan ne ya fara ganewa, ya karkata ya raɗa wa direkta a kunne. Direkta ya cire tabarau ya yi dariya.

"Ashe suruki ne! To, zauna inda kake."

Ya tambaye shi sunansa da ajin da ya tsaya a lakwal. Ya miƙo masa takarda, Muntaka ya karanta ta tsaf, ba gargada. Ya tambaye shi gonakin da ke tsakanin Matameye da Tsauni, Muntaka ya lissafo su da masu su, har da inda gawo ya fi yawa. Direkta yana ta gyaɗa kai yana rubutu.

"Tambaya ta ƙarshe. Ka tarar da mutum bisa gawo da gatari. Me za ka yi?"

Muntaka yana jin ƙwayoyin carbi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Mushe, zan tsaya a ƙasa in yi shiru har ya sauko lafiya. Mutum in ya tsorata a sama, faɗowa yake yi. Na gani da idona."

"In ya sauko fa?"

"In ya sauko... zan ga maƙwabcina ne, ko abokin babana, kuma na san akuyarsa tun tana ƴar ƙarama. Mushe, aikinku mai kyau ne. In gawo ya ƙare, mu ma mun ƙare. Amma ni ba zan iya wannan gadin ba. In na ce zan iya, na yi muku ƙarya, in ci dawarku in riƙa kau da kai. Ba na son aikin. Ku ba wanda zai riƙe muku shi da gaskiya."

Carbin ya tsaya.

"To uban me ya kawo ka?" in ji soja.

"An kira ni, ranka ya daɗe. Kuma wanda ya kai sunana babba ne a wurina. In na ƙi zuwa, na raina shi. Gara in zo in faɗa a gabansa."

Direkta ya rufe takardunsa. "Na gode da ba ka ɓata mini wata shida ba. Tashi ka tafi."

Kafin azahar labari ya gama gari. Inna Sa'a ta zauna a ƙofar ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dushe.

"Ka kunyata dattijo a gaban soja! Ka zubar da abinci, ka zubar da aure, duk a safiya ɗaya! Ni Sa'a, me na yi?"

Ya durƙusa a gabanta, bai ce komai ba sai "Ki yafe mini, Inna." Kwana uku ba ta yi masa magana ba, amma kullum yana tarar da kununsa a rufe.

Malam Lawali kuwa ya aiko da saƙo gajere: kada Muntaka ya sake taka zaurensa. Aikin aka ba Gambo, ɗan gidan da ke kallon na Malam Lawali.

Muntaka ya shiga noman rani a fadamar da ke hanyar Tsauni, inda gwamnati ta rarraba wa mutane fili. Shi da wasu suka haƙa rijiya, tana rubzawa suna sakewa. Yana jan guga tun hantsi har tafin hannunsa ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Kabeji da dankali ba su cika rumbu ba, amma sun hana tukunya yin sanyi. Habsatu bai ganta ba sai daga nesa, ranar kasuwa. Ba ta ɗaga masa hannu, shi ma haka. Sai dai an ce masu neman aure biyu sun zo, ta ce wa mahaifiyarta ita ba ta shirya ba, kuma Malam Lawali bai matsa mata ba.

Wata huɗu aka yi haka.

A tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙaiƙayi ya zama abin nema, saniyar Malam Lawali ta kwanta ta kasa tashi. Ita kaɗai ta rage masa cikin bakwai. Dattijon ya ɗauki gatari ya tafi gonarsa. Yana bisa gawo Gambo ya iso. Yaron nan, wanda aka raɗa wa suna a gaban dattijon, ya karɓi gatarinsa, ya taso shi a gaba ta tsakiyar kasuwa har biro. Gambo bai yi zalunci ba, aikinsa ya yi, kuma an ce yana tafe yana share hawaye. Amma tun ranar gidajen biyu ba su sake gaisawa ba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Muntaka yana ban ruwa, sai ya ji gyaran murya daga bayan dannin lambu. Ya gane muryar. Ya saki guga, ya durƙusa a cikin laka. Malam Lawali bai shigo ba, bai kuma leƙo ba, daga bayan dannin ya yi magana.

"Sannu da aiki."

"Yawwa, Baba. Ina kwana?"

"Ka ji abin da ya faru."

"Na ji, Baba. Allah ya kiyaye gaba."

"Amin. Kwana biyu ina tambayar kaina abu ɗaya. Da kai ne ka tarar da ni a sama, ya za ka yi?"

"Da na wuce kamar ban gani ba, Baba."

"Ka ci amanar masu aiki ke nan."

"E, Baba."

"In kuma ka kama ni, Habsatu ta kai maka tuwo da wane hannu? Ni na so in saka ka a wannan tsakani da hannuna, ina ganin gata nake yi maka. Ka gani tun daga nesa, ni da furfurata ban gani ba. Nawa ne wannan kabejin ke ba ka?"

"Kaɗan ne, Baba. Amma muna ci."

"To ita ma ba ta da babban ciki. Ka faɗa wa kawunanka su zo ranar Juma'a."

Sai da takun dattijon ya yi nisa sannan Muntaka ya kifa fuskarsa a tafin hannu, ya yi kukan da bai samu ya yi ba tun ranar da ya goyo mahaifinsa.

An ɗaura auren sati biyu kafin ruwan farko, ba kiɗa, ba taro mai yawa. Da ƙawaye suka tsokani amarya cewa ta bar zama matar mushe mai albashi ta zama matar mai kabeji, Habsatu ta ce, "E, na ji. Amma mijina yana shiga kowane gida a garin nan a ba shi tabarma."

Samari da ƴan mata, yunwa tana sa mutum ya ce zai iya abin da ba zai iya ba, soyayya ma tana sa shi. Wanda aka kira, ya je, ya girmama wanda ya kira shi, ya faɗi gaskiyarsa da ladabi, sannan ya yi haƙuri da abin da za ta jawo masa. Muntaka ya rasa buhun dawa, ya sha rana wata huɗu. Amma ya shiga ɗakin matarsa ba ya jin kunyar kowa, sai ta surukinsa, wadda har yau bai daina ba.