Ƙaramar Kwamfutar Da Bashira Ta Nuna

Bashira na tankaɗen garin masara a tsakar gida mijinta Iliassou ya shigo da fara'a, waya a hannu. Ya samu aiki a Djougou wajen masu sayen kashu, sun ce sai ya zo da kwamfutarsa. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa Inna Maimouna, yayansa Yaou na gefe yana kurɓar shayi.

"Inna, ga hotonsu, guda biyu na gano kusa da kasuwar Arzeke a nan Parakou. Babbar ta hannu ce, ga araha ga ƙarfi, sai dai nauyi, kuma batirinta ba ya jimawa. Ƙaramar ta fi tsada, ba ta kai waccan sauri ba, amma tana wuni ba a sa ta a wuta ba."

"Wannan har sai an yi shawara?" in ji Yaou. "Ga ordi, babbar kwamfuta ta gaske! Dubi fuskarta kamar tele, har bidiyon biki sai ka haɗa da ita. Waccan kuwa farantin shayi ce, a ba ka kaɗan a karɓi da yawa!"

Inna ta ce, "Babbar za ka saya. A ɗakinka za ta zauna, kai kuma dole ka riƙa dawowa inda take."

Iliassou ya buɗe baki zai ce ai da ita zai tafi, ya ga fuskar tsohuwar, ya fasa. Sai ya juya ya miƙa wa matarsa wayar.

"Ke fa, amarya? Wacce kika gani?"

Bashira ta ajiye rariya. Tun da aka kawo ta Zongon Parakou ba ta taɓa ɗaga murya gaban surukarta ba. Kanta a sunkuye, ta miƙa yatsa duk gari ta taɓa ƙaramar.

"La'ilaha illallahu!" Inna ta tafa hannu. "Na san za a yi haka! 'Yar Djougou ce, ta zaɓi wadda ake sa wa a jaka a gudu. So kike ki ɗauke mini ɗa ki kai shi garinku, ko?"

"Inna, ba haka—"

"Rufe mini baki, Iliassou! Idanunta kullum a ƙasa, ashe dabara take ƙullawa!"

Bashira ta kwashi rariya ta shige ɗaki, hawaye na sauka. Da Iliassou ya biyo ta ya ce, "Ki faɗa mini dalili mana, ni sai in faɗa mata." Ta girgiza kai kawai. Tana tsoron duk abin da ta ce a mai da shi rashin kunya.

Babbar ya saya.

Makon farko Iliassou ya dawo ranar Juma'a yana dafe kafaɗa. Direban taksi ya matse shi da kwamfutar a cinya tun daga Djougou, gefenta har ya tsage. Daga nan ya kama ɗaki mai wutar lantarki a can, don kwamfutar ba ta zuwa ƙauyukan da yake zagayawa. Abin da ya kamata ya gama a ƙauye sai ya dawo ɗaki yake yi, aiki ya taru masa. Juma'a ta zo ta wuce ba shi. Wata ma ta wuce.

"Ki yi haƙuri, Bashira," ya ce a waya, muryarsa a gajiye. "In na bar ta ina tsoron ɓarayi, in na ɗauko ta ina tsoron hanya. Kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci," ta ce, alhali tuwon na rufe tun rana.

Inna ta daina amsa gaisuwarta sosai. Duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai su biyun su ɗaga kai tare, sannan kowacce ta kau da fuska. Wata safiya Inna ta leƙo kicin ta ce, "Danginki sun riƙe shi. Ki haɗa kayanki gobe ki bi shi, in ya so ku zauna can. Ni na haƙura da ku duka."

Ludayin ya suɓuce daga hannun Bashira. Ta san in ta fita a haka, ƙofar nan ba za ta sake buɗe mata ba. Ta durƙusa.

"Inna, don Allah ki bar ni in yi magana sau ɗaya."

"Ashe kina da baki?"

"Ni ban san ƙarfin kwamfuta ba, karatuna bai yi nisa ba. Amma Babanmu mai masaukin fatake ne a Djougou, ni ke share ɗakunan baƙi kafin a yi mini aure. Wanda ya zo da 'yar jaka kwana yake yi ya koma gida. Wanda ya zo da kaya mai nauyi sai ya karɓi mabuɗi, ya ce na ɗan lokaci ne. Masu mabuɗin nan, Inna, iyayensu mata sai da salla suke ganinsu. Da na ji an ce babbar sai inda akwai wuta, na san ɗaki zai kama. Ƙaramar na nuna don ya riƙa dawo miki."

Inna ta sauke tukunyar da ta fara ƙauri. Ita ma 'yar fatake ce, ta san gaskiyar maganar. A hankali ta zauna kan turmi.

"To me ya hana ki faɗa tun ranar?"

"Kunya, Inna."

"Ni kuma ban tambaya ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Tashi ki haɗa kaya ɗin dai. Tare za mu."

Washegari Iliassou ya dawo daga ƙauye ya iske su zaune a ƙofar ɗakinsa. Inna ta shiga ta cicciɓi kwamfutar, ta dire ta da sauri tana riƙe ƙugu.

"Wannan dutsen niƙa na sa ka saya? Maza kira Yaou! Shi da ya yabe ta, shi zai saye ta ya kai shago ya yi ta bidiyonsa. Ka ɗauki wadda matarka ta nuna, ni zan cika."

Iliassou ya dubi Bashira, ta rufe fuska da mayafi tana murmushi.

'Yan'uwa mata, haƙuri yana da lada, amma kunyar da za ta hana ki faɗin gaskiya cikin ladabi tana iya raba ki da gidanki. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa mai shiru hukunci, ku tambaye ta dalili.

Kafin su kama hanyar Parakou Inna ta miƙa wa ɗanta hannu.

"Mabuɗin," ta ce. "Ni zan mayar wa mai ɗakin da kaina."