Sau Arba'in da Uku

Ɗaya bayan ɗaya Auta ta riƙa jera hotunan a kan teburinsa, tsakanin ƙananan sukurori da buroshin goge gilashi, har wuri ya ƙare ta koma ɗora wani a kan wani.

Fuska ɗaya ce a cikinsu duka. Telar da ke shagon jikin nasa, tef ɗin awo rataye a wuya, tana kallon kyamara.

"Arba'in da uku," in ji Auta. "Na ƙirga."

Injiniya ya ajiye sukundireban da ke hannunsa. Ba wani injiniya ba ne, mai gyaran kyamara ne, ita ta laƙaba masa sunan har ya bi shi.

"Zumata, gwaji ne fa..."

"Gwaji."

"Wallahi gwaji ne! Gilashin kyamararki ne ba ya kama saiti, na gyara, dole in gwada shi a idon mutum. Kullum gogewa nake yi kafin in mayar miki da katin memorin. Shekaranjiya kika ce kina sauri, na manta."

"Shekara biyu muna tare. Hotona nawa ka taɓa ɗauka?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ko ɗaya. Ka ce hannunka rawa yake yi in ka kalle ni. A kanta dai bai yi rawa ba. Dubi wannan, har gashin idonta ana iya ƙirgawa."

"Don girman Allah ki zauna mu yi magana..."

"Ni mai hoto ce, Injiniya. Na san yadda ake ɗaukar wanda ake so."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi hawaye ba. Ta saɓa jakar kyamararta ta fita, keken ɗinkin da ke bayan bango yana ta aikinsa.

Gaskiyar magana, ba ita kaɗai ta kai kanta ga wannan hukunci ba. Jiya ne ta je sitidiyon Oga, inda take wanke hotunan aikinta, ta sa memori a kwamfutarsa, sai ga fuskar tela ta cika allo. Oga abokin Yayanta ne, shekararsa goma sha biyar a sana'a, kuma ya daɗe yana yi wa Auta kallon da ba na sana'a ba. Ya leƙo ta kafaɗarta ya yi fito.

"Kai, kai, kai! Wane ne gwanin nan?"

"Gwaji ne, ina jin. Daga wurin gyara na karɓo ta."

"Gwaji?" Ya yi wata 'yar dariya. "Ƙanwata, gwaji sau ɗaya ake yi, in ya yi yawa biyu. Ni dai ban ce komai ba."

Bai ce komai ba ɗin, amma shi ya wanke mata su duka kyauta, a takarda mai sheƙi, har da sa mata a ambulan.

A gida Yaya kamar an ba shi kujera.

"Dama na faɗa! Mutum da tebur ɗaya da kujera ɗaya, me za ki ci a gidansa, sukurori? Ga Oga nan, bene hawa biyu, ma'aikata shida, amma ke ido rufe sai mai tonon kyamara."

Umma ta harare shi.

"Kai dai bakinka ba ya gajiya. Tashi ka ba ni wuri." Ta juyo ta dafa Auta. "'Yar autata, kin dai tabbata? Yaron nan ban taɓa ganin rashin kunya a idonsa ba, ko da yake ni ma sana'ar tasa ba ta kwanta min ba."

"Na tabbata, Umma."

"To me kike ji?"

Auta ta duba cikin ranta kamar mai laluben aljihu.

"Ba na jin komai."

Haka kuwa aka yi. Injiniya ya kira har ya gaji. Ya turo saƙo, ba ta buɗe ba. Sau uku ya zo gidan, sau uku Yaya ya tare shi a ƙofa ya ce ba ta nan, alhali tana ɗaki tana cajin batir tana jin muryarsa. Daga wata na uku wayar ta yi shiru.

Aiki dai bai tsaya ba, don mai hoton da ba ta da shago in ta zauna an manta da ita. Yau taron wata ƙungiya, gobe buɗe sabon kanti, jibi 'yan makaranta ɗari biyu masu son fasfo. Ta tsaya a rana, ta durƙusa, ta hau kujera.

"Ku matso kaɗan... Hajiya a ɗago kai... A yi murmushi!"

Mutane su yi murmushi, ta danna, ta wuce. Abinci in an ba ta ta ci, in ba a ba ta ba ba ta tuna. Kyamarar kuma ta shiga nuna halinta. Robar mariƙin ta ɓare, ta liƙe da gam. Batir ɗaya ya kumbura ya ƙi fita sai da ta sa tsinke. Filasha ta koma sai an ɗaure ta da roba kafin ta tsaya. Duk ta haƙura, don dai kada ƙafarta ta taka shagon gyara.

Oga kuwa ya samu hanya. Kullum ta je wanki sai ya ciro sabuwar kyamara daga kwali ya ajiye gabanta.

"Taki ce, ranki ya daɗe. Ki dawo nan mu haɗa hannu, mu haɗa komai ma. Har yaushe za ki yi ta yawo da wannan tsohuwar?"

"Zan yi tunani."

Wata tara tana wannan tunanin, kuma ba ta yi shi ko sau ɗaya ba.

Ranar yaye ɗaliban wata makaranta abin ya kai maƙura. Wata uwa ta riƙo 'yarta mai sanye da rigar kammala karatu, ta ce ita ce ta farko a zuriyarsu. Auta ta ɗaga kyamara, sai gilashin ya kama kai da kawo, zuu gaba, zuu baya, ya ƙi tsayawa. Ta danna a haka. Da ta duba, ganyen bishiyar da ke bayansu ya fito tar, uwa da 'ya kuwa dishi-dishi. Duk hotunan ranar haka suka fito.

"Baiwar Allah, sau ɗaya ake yin ranar nan fa," in ji matar, ba faɗa, ba zagi.

Wannan ne ya kai Auta can ɗaya gefen gari, wurin wani tsoho mai gyara da aka yi mata kwatance, a saman wani kantin littattafai. Ɗan ɗaki ne mai taga ɗaya. Baba ya buɗe gilashin a kan farin ƙyalle, yana aiki yana mita shi kaɗai.

"Ƙura ce ta ci injin da ke juya shi. Ku yaran yanzu ba ku tausayin kaya... Amma wanda ya buɗe shi kafin ni hannunsa tsaf ne, ko ƙarzane ɗaya bai bari ba."

Auta ta kau da kai.

Bayan awa biyu ya ɗaura gilashin a jikin kyamara ya nuna mata benci.

"Zauna bakin taga, 'yata. Kalle ni."

Ƙyas.

"Matsa baya kaɗan."

Ƙyas. Ƙyas.

"Juyo hagu. Shiga inuwa. Ƙifta ido. Yauwa."

Ba da niyya ta fara ƙirgawa ba, sabo ne. Goma. Ashirin. Talatin. A arba'in da uku ta ji kamar ta ce ya tsaya, amma Baba bai tsaya ba sai a hamsin da shida.

"Baba... duk wannan na mene ne?"

"Gwaji mana! Da a bango kike so in gwada? Bango ba ya motsi. Idon mutum ake nema, kusa da nesa, haske da inuwa, a buɗe gilashi a tsuke shi. Duk wanda ya yi miki ƙasa da arba'in, cutarki ya yi."

"Ba sau ɗaya ba ne? Ko biyu?"

"In ji wane maƙaryacin?"

"Wani mai sitidiyo."

"To ya sani sarai, ya dai faɗa miki abin da ya ga dama. Zo ki gani."

Ta leƙa bayan kyamarar. Fuskarta ce, ramammiya, hasken taga ya kwanta a kumatunta, gashin ido ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya ga hoton nan zai rantse mai ɗaukar yana mutuwar sonta. Ga shi kuwa tsoho ne da ko sunanta bai tambaya ba, har ya fara gogewa yana hamma.

A nan ne abin da ya yi wata tara a daskare ya motsa. Kunya ta fara zuwa, sai tsoro, sai wata irin kewa da ta mayar da ita kan benci.

"Lafiya, 'yata?"

"Baba, na yi wauta."

"To a je a gyara. Ba sana'armu ke nan ba?"

Ko gida ba ta biya ba. A cikin mota sai shirya magana take yi tana rushewa. Za ta ce ya yafe mata. Za ta ce Yaya ya yi ta faɗansa, tebur ɗaya ya ishe ta. Za ta ce ko hannunsa na rawa ya ɗauke ta a haka.

Shagon yana nan inda yake. An yi masa fenti, an sa labule shuɗi mai kyakkyawan kalmasa, kujera ta zama biyu. Injiniya na sunkuye a kan wata kyamara. Ta yi sallama, ya amsa kafin ya ɗago, da ya ɗago kuma sai ya miƙe a hankali.

"Malama... sannu da zuwa."

Malama. Ta haɗiye kalmar da ƙyar.

"Injiniya, gwaji ne. Yau na sani. Wani tsoho ya ɗauke ni sau hamsin da shida, ko sunana bai sani ba. Oga ne ya... a'a, ba Oga ba, ni ce. Ka faɗa min gaskiya na ƙi ji. Ka yafe min, don Allah."

"Na yafe tuntuni."

"To..."

"Zauna."

"A'a, ka faɗa min a tsaye."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"An sa min rana. Saura sati uku."

Keken ɗinkin da ke bayan bango ya tsaya. Auta ta kalli labulen, ta kalli kujera ta biyu.

"Ita ce?"

Ya gyaɗa kai.

"Ashe dai..."

"A'a! Kada ki ce haka, wallahi kada ki ce haka!" Karon farko ke nan da muryarsa ta tashi. "Ranar da na ɗauke ta, idonta na hagu kawai nake gani. Ko launin mayafinta ban sani ba. Ke kaɗai ce a raina, Allah ne shaidata."

"To me ya faru?"

"Kin tafi kin bar min hotunan a kan tebur. Na kasa zubarwa. Kullum in na buɗe shago sai in baje su, ina neman abin da kika gani da har ya raba mu. Kin ce ke mai hoto ce, kin san abin da kike faɗa. Wata huɗu ina dubawa."

Ya sunkuyar da kai.

"Sai na gani."

Auta ta tsaya. Ta jira zafin ya zo, ta ji shi ya taso, sai kuma ya koma ya kwanta inda ya saba. Ba wanda za ta kama da laifi a ɗakin nan. Da hannunta ta jera hotunan, ɗaya bayan ɗaya.

Labule ya motsa. Telar ce, da kofin shayi a hannu. Ganin Auta ya sa ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Anti, sannu da zuwa... An kwana biyu." Ta kalli jakar da ke kafaɗar Auta, don ta samu abin faɗa. "Gyara kika kawo?"

Auta ta gyara zaman igiyar jakar.

"A'a, 'yar'uwa. An riga an gyara ta, lafiyarta ƙalau."

Ta dubi Injiniya sau ɗaya.

"Allah ya sanya alheri, Malam."

Ta raɓa ta gefen telar a hankali don kada shayin ya zube, ta fita.